Masaƙa Da Maɗinkan Ƙasar Yawuri Na Bukatar Ciniki

Duk wanda ya shiga kasuwar Yelwa ko ta Wara ranar da take ci, ya nufi layin 'yan tufafi, abin da zai fara cin karo da shi shi ne dilar gwanjo da aka kwance a kan tabarma, sai kuma yadudduka masu sheƙi waɗanda aka saƙa a ƙasar Sin. Idan kuwa fari yake nema, ko saƙi, ko gwado na saƙar hannu, to, sai ya yi tambaya, watakila ma a ce masa ya dawo wani mako. Wannan hali ba a ƙasar Yawuri kaɗai ake cikinsa ba, haka abin yake a yawancin kasuwannin Arewa. Amma a Yawuri da Ngaski da Shanga maganar tana da wani nauyi na daban, domin mutanen nan a bakin ruwa suke zaune, kuma duk abin da aka sa a jiki aka wanke, ko aka rina aka zubar, ƙarshensa tafkin Kainji zai gangara.

Ya kamata a tuna cewa ƙasar nan ba baƙuwar sana'ar tufafi ba ce. A shekarar 1830, lokacin da Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka sauka a birnin Yawuri suna bin sawun takardun Mungo Park, sun rubuta cewa mutanen garin suna saƙa tufafi, suna ɗinka sirdi mai kyau, suna noma baba da albasa da alkama da shinkafa mai yawa. Yawuri tana kan hanyar fataken da ke tashi daga Kano da Katsina su ƙetare Kwara su nufi Gwanja, suna kai riguna da zannuwa da kanwa, suna komowa da goro. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, ya yi bayanin irin wannan fatauci a littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka cikin tarihin Afirka ta Yamma. Haka kuma Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafinta har Tambutu da Gat da Tarabulus. Wato dai a wancan zamani ƙasar Hausa ita ce take tufatar da maƙwabtanta, kuma dukan wannan aiki a zaure da tsakar gida da karofi aka yi shi, babu inji ko ɗaya.

Abin lura a cikin wannan tsohuwar sana'a shi ne kusan babu abin da take zubarwa. Manomi ya shuka auduga a gefen gonar dawa, mata su gurje ta a kan magurji, su ware angurya don shuka da abincin dabbobi, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari. Masaƙi ya ɗauki zaren ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, mai faɗin da bai wuce tafin hannu ba. Maɗinki ya jera ƙwaryoyin nan gefe da gefe ya haɗa. Da yake babbar riga da wando da zane duk a kan miƙaƙƙen layi aka gina su, almakashi ba ya samun abin ci sai kaɗan, ɗan ƙyallen da ya ragu kuwa ya tafi aljihu ko shafi.

A wajen rini ma haka. Ganyen baba da toka da katsi su ne kayan haɗin, a zuba a rijiyar marina a bar su su yi kwanaki suna tsima, marini yana motsawa da muciya har ruwan ya nuna. A tsoma tufa ta fito kore-kore, iska ta buge ta ta koma shuɗiya, a sake tsomawa har a sami duhun da ake so. Rijiya ɗaya takan yi watanni tana aiki. In ta mutu sai a kwashe laka da ta kwanta a ƙasa, a cura, a shanya, a ƙone, ta zama katsin da za a haɗa sabon ruwa da shi, a kuma yi laso da ita a shafe bangon rijiyar. Shi kansa baba, dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi a inda aka shuka shi. Rigar da ta kwana biyu ta kode a mayar da ita marina, a kai wa mabuga su buge ta, ta fito kamar sabuwa. In ta tsufa a yanka wa yaro, daga nan ta zama majanyi, ta zama gammo, ta zama tsumman da masunci zai toshe kafar jirginsa da shi. Ranar da aka yar da ita kuwa ƙasa ta cinye ta, domin daga ƙasa ta fito.

Yau manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka suna kashe kuɗi mai yawa suna neman hanyar da za su yi kusa da wannan hali. Dalili kuwa shi ne duniya ta ga ƙarshen ɗinkin gaggawa mai araha. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ya kashe mutum fiye da 1,100, yawancinsu mata masu ɗinka wa kantunan Turai kaya. A tsakiyar Asiya an janye ruwan koguna biyu don ban-ruwan auduga har Tekun Aral ya ƙafe, jiragen masunta suka zauna a kan rairayi. A Ankara ta ƙasar Gana, abin da ba a iya sayarwa cikin gwanjon kasuwar Kantamanto ba ya cika bola da magudanun ruwa da bakin teku. Masu zaune a bakin tafki, waɗanda abincinsu ya dogara ga kifi, su ne ya fi cancanta su karanta waɗannan labarai da idon basira.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, yaya aka yi aka saki wannan sana'a? Ba rana ɗaya abin ya faru ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, darajar baba ta faɗi a duniya. Turawan mulki suka zo da nufin kwashe auduga zuwa masaƙun Ingila su dawo da akoko da atamfa. Bayan haka aka kafa masaƙun gida, aka buɗe ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau da Funtuwa, har a shekarun 1980 aka ƙirga fiye da 150 a faɗin Nijeriya. Waɗannan sun rage wa masaƙin hannu kasuwa, amma ko ba komai audugar gida suke saye, 'ya'yan gida suke ɗauka aiki. Sai ga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta zube, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, 'yan fasa-ƙwauri suka buɗe hanya ta Kwatano da Jamhuriyar Nijar. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, ta Gusau ma ta bi sahu. Aka wayi gari ba wan ba ƙanen, an rasa saƙar hannu, an rasa ta inji.

Ƙasar Yawuri kuma tana da nata rabon na musamman. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da fadamu, aka tayar da mutum kimanin 44,000 daga mazauninsu na kaka da kakanni, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin kogi. Mutumin da aka tayar daga garinsu yana iya ɗaukar mazari da ƙoshiya, amma ba ya ɗaukar rijiyar marina a ka. Alkawarin da ke bayan wannan sadaukarwa shi ne wuta da ci gaba. Madatsar da aka gina don ta ba da megawat 760 ga ta nan a ƙarshen tafkin, amma telan Yelwa da na Ngaski har yanzu da keken ƙafa da dutsen guga na gawayi suke kwana, mai injin surfani kuwa sai ya tayar da janareta. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya shiga cikin kuɗin kowace riga. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Duk da haka akwai abin da bai mutu ba, kuma a kansa ne za a yi gini. Har gobe Bahaushe da Bagunge da Bakambare ba su saba sayen rigar Salla a rataye a kanti ba. Yadi ake saye a kai wa tela ya auna ya ɗinka. Ma'anar wannan ita ce ba a ɗinka riga sai da mai ita, babu ɗakin ajiya cike da kayan da suka yi kwantai, kuma rigar da aka ɗinka daidai jiki ana daɗewa da ita, in ta yage a mayar wa wanda ya ɗinka ta. Kowane shagon tela makaranta ce, akwai yara biyu ko uku a gindin keke suna koyon sa maɓalli da kalmasa. A ƙasar da samari ke barin gona da aji suna tafiya ramukan haƙar zinariya, inda ƙasa kan rufta da mutane, kowace kujera a shagon ɗinki tana da daraja.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ƙanƙantar sana'a ba ta wanke ta daga laifi. Rinin zamani da ake yi a tukunya ko a rabin durom da garin launi da soda mai ƙuna da haidiro, ya fi na baba sauri nesa ba kusa ba, yana kuma ba da launuka iri-iri, shi ya sa mata da yawa suka rungume shi. Amma soda tana cin hannu, tururin haɗin yana shaƙe ƙirji, ruwan da aka zubar kuwa yana zuƙe iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Wanda ya ga yadda ruwan Kogin Challawa ya koma a Kano saboda dagwalon majemu da masaƙu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Durom ɗaya ba ya kashe tafki, amma kwatar Yelwa ba ta da wata mafita sai Kwara, kuma rijiyar da ke kusa da inda aka zubar ba ta da girman tafki. Haka nan yadin roba, wanda daga man fetur ake yin zarensa, ba ya ruɓewa. Ƙyallayensa da tela ke sharewa a zuba a kwata suna toshe magudana, in an ƙone su hayaƙin ya cuci maƙwabta, kuma duk wankin da aka yi masa a bakin ruwa yana sakin ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, su shiga cikin kifin da za a ci.

Abin da hukumomi suka saba yi idan aka ambaci masu sana'ar hannu sananne ne. A tara mata da matasa a fili, a kira 'yan jarida, a raba kekunan ɗinki, a watse. Bayan wata guda a ga rabin kekunan a kasuwa. Ba laifin waɗanda aka ba ba ne, domin keke ba ya ciyar da mutum in babu mai kawo ɗinki. Tela a ƙasar nan yana aiki dare da rana makonni kaɗan kafin Ƙaramar Salla da Babbar Salla, har ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ya saɓa alkawari, a yi ta rigima a ƙofar shago, sa'an nan ya yi watanni yana korar ƙuda. Abin da ya rasa shi ne ciniki tabbatacce wanda zai cike wannan giɓi.

Wannan ciniki kuwa yana hannun gwamnati. Akwai dubban yara a makarantun firamare da na sakandare a Ƙananan Hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, kowannensu yana bukatar kayan makaranta. Akwai zannuwan gado da labule da rigunan ma'aikata a asibitoci da ɗakunan shan magani. Duk lokacin da Gwamnatin Jihar Kebbi ko Ƙaramar Hukuma za ta kashe kuɗi a kan irin waɗannan, kamata ya yi a raba aikin kashi-kashi a ba ƙungiyoyin teloli na gundumar da makarantar take, maimakon a dunƙule shi a miƙa wa ɗan kwangila guda wanda zai tafi wani gari ya sayo ɗinkakku. A sa sharaɗin cewa yadin na auduga ne daga masaƙun da suka rage a ƙasar nan. A ba da aikin a watannin da shaguna ke zaman banza, a biya rabin kuɗi tun farko don sayen yadi da zare, a biya sauran ranar da aka karɓi kaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin ƙaramin tela ba shi da jarin da zai bi gwamnati bashin wata shida.

Ba sabon abu ake nema ba. A watan Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatun Tarayya ke kashewa a kan wasu kayayyaki, har da kayan sarki da takalma, ya tafi ga abin da aka yi a gida. Babu abin da ya hana jiha ta yi nata. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya wajabta wa ma'aikatan gwamnati sa saƙar hannu ta ƙasarsu, wadda suke kira Faso Dan Fani, tsakanin 1983 da 1987, kuma a 2023 gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar shigar da ita cikin kayan 'yan makaranta. Gana ta ware ranar Juma'a don sa tufafin gida tun 2004. A duk waɗannan wurare abin da ya raya masaƙa shi ne sanin cewa akwai mai saye.

Jaridar nan ba ta cewa a tufatar da kowane ɗan makaranta da saƙar hannu. Zane guda na saƙi yana cin kwanaki, kuma in aka biya masaƙi hakkinsa kuɗin ya fi ƙarfin talaka. Gurbin saƙar hannu da rinin baba yana wajen kayan daraja: zanen amarya, gwado, hula, rawani, rigar naɗin sarauta, da kyautar da ake ba manyan baƙi. A nan Masarautar Yawuri tana da abin yi wanda ba ya bukatar kasafin kuɗi. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masani ne da ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Idan fada ta mai da shi al'ada cewa rigar da za a yafa wa baƙo ranar bikin Rigata a ƙasar Yawuri aka saƙa ta aka rina ta, hakimai da attajirai za su bi, kuma masaƙin da ya jingine kayan aikinsa zai sauko da su. Zanen aro ba ya rufe katara, balle a ranar da ake nuna wa duniya al'adun gida.

Haka kuma ba a goyon bayan masu cewa a fatattaki 'yan gwanjo. Dokar hana shigo da shi ta daɗe a rubuce, an ma rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, amma dila ba ta daina isowa ba. Magidancin da ke da 'ya'ya takwas, wanda rigar sanyin gwanjo ce take raba su da hunturun bakin ruwa, ba za a ce masa ya jira masaƙu su farfaɗo ba. Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji a 2016, Amurka ta mayar da martani a 2018 ta janye wa tufafinta rangwamen shiga kasuwarta. Ƙasa ce ta iya ɗaukar wannan faɗa, jiha ba ta da iko a kan kwastan. Abin da jiha ke iya yi shi ne ta sa kayan gida su yi arahar da za su ja mai saye da kansu.

Hanyar rage tsadar kuwa ta bi ta wuta. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa musamman domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, kuma Jihar Kebbi tana cikinta, ita ce ta fi dacewa ta gina rumfunan sana'a a Yelwa da Wara da Shanga, da faifan hasken rana a kan rufinsu, inda teloli za su yi tarayya a injin surfani da na saje da dutsen guga na lantarki, kowa ya biya gwargwadon amfaninsa. A bayan kowace rumfa, nesa da rijiya da bakin ruwa, a gina ramuka na siminti inda ruwan rini zai kwanta kafin a sake shi, a kuma tanadi safar hannu ta roba. Duba-gari su riƙa zagayawa, da gargaɗi tukuna kafin tara. Ƙyallayen auduga a tara su daban don cusa matashin kai da katifa, na roba a haɗa su a yi jakar makaranta da shimfiɗa. Duk wannan bai kai kuɗin gada guda ba.

Saura batun gona da batun ilimi, kuma su biyun ba su jira. Auduga ta ja baya a Arewa maso Yamma saboda rashin iri mai kyau, da rashin mai saye, da kuma 'yan bindigar da suka hana manoma zuwa gonakin nesa. Ƙasar Yawuri ta ɗanɗana wannan masifa, ba a manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a watan Yunin 2021 ba. Amma audugar da masu kaɗi ke bukata ba ta da yawa, baba kuma yana fita a gefen gona da bayan gida. Malaman gona na jiha suna iya raba irinsu tare da irin shinkafa da suka saba rabawa. Shi kuwa sanin haɗa ruwan marina, a gane ya nuna ta wari da kumfa da launi, ba a rubuce yake ba, yana ƙirjin tsofaffi. Ya kamata kowace Ƙaramar Hukuma cikin ukun nan ta sa dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen masaƙa da marina da masu kaɗi da suka rage a ƙasarsu, a yanka musu ɗan alawus na wata-wata bisa sharaɗin kowanne ya riƙe almajirai biyu. In ta kama a aika samari Ƙofar Mata ko Kura a Kano su yi wata shida, a aika.

Ana shuka baba da auduga ne da faɗuwar damina, ana buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba. Idan ana so teloli su sami aikin kayan makaranta a shekara mai zuwa, tilas ne Ma'aikatar Ilimi da ta Ciniki su zauna da shugabannin Ƙananan Hukumomin uku da ƙungiyoyin masu ɗinki tun kafin a miƙa kasafin kuɗi ga Majalisar Dokoki ta Jiha a Birnin Kebbi, a ƙidaya ɗalibai, a ƙidaya kekuna, a tsayar da farashi, a rubuta ranar biya.